Zanen da ke Ƙarƙashin Fallen Ƙarfe

Talata, ƙarfe 6:40 na safe

Wannan littafin awo ne. Daga gaba ƙofofi da tagogi da ƙafafun tanki, daga baya kuma yau na fara wannan. Lauya ya ce kada in rubuta komai, kada in faɗa wa kowa komai. To, ban faɗa wa kowa ba. Takarda ai ba mutum ba ce.

Kwana uku ke nan Auta yana hannun 'yan sanda. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha tara tsakaninmu. Yana da bakwai iyayenmu suka rasu. Ni na raine shi, ni na damƙa masa kan walda a hannu, ni na yi masa aure.

Ga abin da suke cewa. Ranar Alhamis da safe tankin ruwan gidan benen nan na bayan kasuwa ya faɗo. Mai wankin da ke shanya a ƙarƙashinsa bai samu gudu ba, yana asibiti. Ƙafafun tankin ba aikina ba ne, aikin Sabon-Zuwa ne, mai waldan da ya buɗe shago bara a bakin titi. Amma da aka duba sai aka ga an yanka ƙafa biyu ta ciki, an cike wurin da foti, an shafa fenti ya ɓace. Wata 'yar haya ta ce ta ga Auta ranar Lahadi da rana tsaka, da rigar aiki da injin yanka. Ba ta tambaye shi ba. Wa ke tambayar mai rigar aiki?

Ni ranar Lahadi ina gida. Mutum goma za su shaida. Ni ban je ba.

Laraba, bayan La'asar

Na je ofishin Lauya. Yaro ne, a haife na haife shi, amma ya bar ni a benci kusan awa guda. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, amma garin nan kaf Injiniya ake kirana, kuma ba wanda ya ba ni sunan kyauta.

Ya ce Auta ya amsa cewa shi ya yanka, kuma shi kaɗai ya yi tunanin abin. Amma Sufeton da ke binciken bai yarda ba. Wai yankan ya yi tsabta da yawa, akwai kan babba a ciki.

Na ce, "To in ma akwai, wanda bai je ba ina ruwansa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Injiniya, doka ba ta jira sai ka ɗaga hannu. In mutum biyu ko fiye suka zauna suka amince a yi abin da ya saɓa mata, zaman nan kansa laifi ne. Haɗin baki ake ce masa. Da wanda ya je da wanda ya zauna gida yana shan shayi, igiya ɗaya ke ɗaure su."

"Ko da ba a yi nufin taɓa kowa ba?"

"Na tambaye ka ko an zauna?"

"Ban ce an zauna ba."

"To kada ka ce."

Na fito na manta inda na ajiye babur ɗina. Sau biyu na zagaya layin.

Alhamis, ƙarfe 7 na safe

Kafin ma'aikata su iso na jawo babban fallen ƙarfen nan na shimfiɗa a ƙasan ɗakin ciki. Aikin mutum uku ne, ni kaɗai na yi. Bayana yana ta sara.

Duk wanda ya san shagona ya san ni ba na bayani da baki. Alli nake ɗauka in tsuguna in zana a siminti, ga tsayi, ga kauri, ga inda za a yanka. Kuma dokata shekara talatin, ba mai goge zanena sai ni, ni ma sai aiki ya kammala. Na taɓa sallamar mutum saboda ya bi ta kan zane da tsintsiya.

Akwai zane ɗaya a ɗakin ciki da ban goge ba tukuna.

Asabar, ƙarfe 11

Mai Gilas da Dogo sun zo. Mai Gilas shi ne shugabanmu na masu walda, Dogo kuwa shagonsa na kallon nawa. Ba su ko zauna ba.

Dogo ya leƙa ɗakin ciki, ya ga fallen, ya ce, "Ka goge?"

Na ce, "Ina kwana dai tukuna."

"Ina kwana. Ka goge?"

Mai Gilas ya ce, "Injiniya, bokitin ruwa ɗaya ne fa. Ko ruwan ne ya yi tsada in aiko maka?"

"Zanena ne. Ni na san lokacin goge shi."

"Ji shi! Gida na cin wuta, shi yana gyaran hula."

Na ce masa ya iya bakinsa, a shagona yake. Ya matso har ina jin warin taba. Ya ce, "Mu huɗu ne a ɗakin nan. Ɗaya yana ciki ya kama bakinsa, Allah ya yi masa albarka. Saura uku. Ni ban san komai ba, Dogo bai san komai ba. Kai kaɗai ka bar rubutu a ƙasa kamar malamin makaranta."

Da suka tafi na zauna ina tuna ranar. Sati uku kafin abin. Mai gidan benen, wanda duk ƙarfen da ke jikin gidajensa hannuna ne, ya tsaya a gaban mutane ya ce wai aikinmu na da ne, yanzu masu ilimi sun zo. Da yamma muka shiga ɗakin ciki, aka kawo shayi. Mai Gilas ya ce in tankin yaron nan Sabon-Zuwa ya ɗan karkace, kowa zai gani da idonsa, ba sai mun yi magana ba. Dogo ya yi dariya ya ce wa zai iya sa tanki ya karkace bai faɗi ba? Sai suka dube ni.

Ni dai tambayata aka yi yadda ake yi. Na nuna. Karkacewa muka ce. Ba wanda ya ce faɗuwa.

Lahadi, bayan Azahar

Ban ci abinci ba. Na ce wa Maman Yara ciwon baya ne.

Talata, ƙarfe 4 na yamma

An kai Auta kotu jiya, alƙali ya hana beli, an wuce da shi gidan yari. Yau na samu ganinsa, minti goma, ta bayan ragar waya. Waldar wayar ma ba ta da kyau, duk ta yi kumfa. Ko a nan idona bai bari ba.

Sun aske masa kai. Ya rame a wuya.

"Yaya, ka zo."

"Ina zan je in ban zo ba? Kana cin abinci?"

"Ana ci. Shinkafar tasu dai sai ka sa mata injin yanka."

Ya yi dariya, ni na kasa. Sai ya sauke murya. "Yaya mai wankin?"

"Da sauƙi, aka ce."

"Yana da 'ya'ya uku. Ranar da na je ma sai da ya matsar mini da bahonsa, ya ce sannu da aiki." Ya shafa askakken kansa. "Yaya, kada ka damu. Abin da na faɗa musu shi zan ci gaba da faɗa. Kai dai ka riƙe shago. A ce wa 'yata na yi tafiyar aiki."

Na ce masa zan fitar da shi ko da me. Ya ce ya sani. Tun yana ƙarami haka yake, in na ce abu sai ya ce ya sani.

Laraba, ƙarfe 8 na safe

Matar Auta ta dawo gidanmu da zama, ita da yarinyar. Ba ta yi mini maganar ba. Tana gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ta ajiye mini ruwa, ta tashi. Da ma ta zage ni.

Yarinyar, shekararta biyar, ta laluba aljihuna ta samu guntun alli, ta zauna a tsakar gida tana zane. Ta ce, "Baba Babba, wannan motar da Abbana zai dawo a ciki ce. Kada kowa ya goge." Na ce ba mai gogewa.

Alhamis, bayan Magariba

Maman Yara ta tare ni a ɗaki. Shekara ashirin da shida muna tare, ba ta taɓa sa baki a maganar shago ba.

Ta ce, "Maigida, Auta ko ƙusa ce ba ya ɗauka a shagon nan sai ya tambaye ka. Ranar ɗaurin aurensa ma sai da ya tambaye ka wace hula zai sa."

Na ce, "Me kike nufi?"

"Ba na nufin komai. Tunawa nake yi."

Na ɗaga mata murya. Na ce ranar Lahadin ina ina? Ba a gabanta na wuni ba? Ta ce, "A gabana ka wuni. Sau shida kana duba agogo."

Asabar, ƙarfe 6 na safe

Na sake lissafin a kaina, ba sau ɗaya ba. Ƙafa huɗu, a yanka biyu na gefe ɗaya, kashi biyu cikin uku, ta ciki. In aka cika tanki sai ya sunkuya kamar taku ɗaya ya tsaya. Ba zai faɗi ba. Ban taɓa kuskuren awo ba tunda nake.

Saboda haka ƙarfen Sabon-Zuwa ne ba shi da kauri. Irin bututun nan ne na yanzu, marar nauyi, da za ka lanƙwasa da gwiwa. Da ya yi aiki da ƙarfen kirki da mai wanki yana nan yana shanyarsa. Wannan ya kamata Sufeto ya bincika. Zan faɗa wa Lauya.

Ni ban je ba. Kuma lissafina daidai ne.

Litinin, ƙarfe 2 na rana

Mai wankin ya rasu da asuba.

Talata, bayan La'asar

Na rufe shago da wuri, na ce wa ma'aikata su tafi. Na hau babur ba tare da na san inda za ni ba, sai ga ni a bayan kasuwa.

Tun da aka ba Sabon-Zuwa aikin nan na rantse ƙafata ba za ta taka layin ba. Kada a ce Injiniya ya zo leƙen aikin yaro. In hanya ta biyo da ni nan, zagaye nake yi ta wajen gidan mai. Yau na shiga.

'Yan sanda sun kewaye wurin da igiya amma ba kowa. Na tsuguna na taɓa bakin ƙarfen inda ya karye. Na sa ɗan yatsa na auna. Na fito da ma'auni na sake aunawa.

Ƙarfen yaron ya fi wanda nake sawa kauri. Waldarsa kuma lafiya lau, kamar an ɗinka.

Sai na ɗaga kai. Tanki biyu ne a fashe a ƙasa. Biyu, manya, gefe da gefe ya ɗora su. Ni a zanena ɗaya na sa, yadda nake yi wa mai gidan a sauran gidajensa.

Ni ne mai cewa ma'aikata, kada ka zana abin da ba ka je ka gani da idonka ba. Har sun mayar da ita abin tsokana, in na juya baya suna kwaikwayon muryata.

Igiyar shanyarsa tana nan ɗaure a ƙafar da ba ta karye ba. Akwai maƙalan kaya guda huɗu a jiki.

Laraba, ƙarfe 9 na safe

Ban yi sallar Asuba a masallaci ba. Ba na son gaisuwa.

Alhamis, ƙarfe 5 na yamma

Lauya ya kira ni. Yau bai bar ni a benci ba.

Ya ce tunda an yi rasuwa, tuhumar ta canja, yanzu maganar rai ake yi. Ya turo mini takarda shafi biyu, an buga da inji, saura sa hannu. Na karanta a hankali, ina bi da yatsa. Wai Auta mutum ne mai taurin kai, ba ya jin magana. Wai ya daɗe yana ƙullace da Sabon-Zuwa. Wai ya ɗauki injin yanka ba da sanina ba, ni kuma ban cika sanin abin da ke shiga da fita a shagona ba.

Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Abokanka biyu sun riga sun sa hannu a irinta. In taka ta zama ta uku, Sufeto ba shi da inda zai kama. Ka fita ke nan."

"Shi fa?"

Ya ɗan juya biro. "In shi kaɗai ya tsara, shi kaɗai ya aikata, to shi kaɗai zai ɗauka, kuma ba kaɗan ba. Yarinyarsa za ta yi aure ba ya nan."

"In kuma aika shi aka yi?"

"Kotu takan duba wanda ya tsara da wanda aka aika. Musamman in wanda ya aike shi ne ya raine shi, bai taɓa ce masa a'a ba. Ba zai fita ba, amma da bambanci, babba ma." Ya dube ni. "Sai dai mai aiken zai shiga, ya kuma jawo duk wanda suka zauna tare. Injiniya, kai ka ɗauke ni aiki. Shawarata ka sa hannu. Ranar Litinin nake son ta."

Na naɗe takardar na sa a aljihu, wajen allin.

Juma'a, bayan an sauko

Dogo ya tare ni a ƙofar masallaci, yana murmushi saboda mutane. Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Mu ma muna da iyali, Injiniya. Yaron ya ɗauka da zuciya ɗaya, kada ka ɓata masa sadaukarwarsa." Na ce ya sakar mini hannu. Ya ce, "Kai ka zana fa. Mu kallo muka yi."

Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na ji kamar in kife shi da mari.

Asabar, ƙarfe 3 na rana

Na sake zuwa wajen Auta. Ya riga ya ji labarin rasuwar. Idonsa ya faɗa. Bai yi wasan shinkafa ba yau.

Na ce masa na je wurin, na gani. Na ce, "Tanki biyu ne."

Ya ce, "Eh, Yaya."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai ɗago ya dube ni ba. Da ya ce "ai na faɗa maka", da na samu abin yin faɗa a kai.

Da lokaci ya cika ya ce, "Lauya ya ce akwai takardar da za ka sa wa hannu. Ka sa, Yaya. In mu biyu muka shiga, wa zai riƙe gida?"

Lahadi, ƙarfe 10 na safe

Ba kowa a layin. Na buɗe shago, na ɗebo ruwa a bokiti, na ɗauko tsumma. Na sa ƙarfe na ɗaga fallen na jingine shi da bango. Na ji wani abu ya tsinke a bayana.

Zanen yana nan kamar jiya na yi shi. Ƙafa huɗu, layi miƙe ba tare da ma'auni ba, kibiya biyu a inda za a yanka. Hannuna ne, ko makaho ya shafa zai gane.

A sama, gefen da'irar tankina, akwai wani dusu-dusun fari, inda aka murje alli da takalmi.

Wannan ban rubuta shi a nan ba, sati uku ina zagaye shi kamar yadda na zagaye layin. Ranar da muka zauna, da na gama zane, Auta ya karɓi allin ya tsuguna ya ƙara da'ira ta biyu. Ya ce, "Yaya, kamar biyu na hango a kai." A gaban Mai Gilas da Dogo. Na sa ƙafa na murje. Na ce, "Shekara talatin ina ɗora tanki, kai za ka koya mini? Ka je ka yi yadda na zana." Suka yi dariya. Ya ce, "To, Yaya."

Na daɗe a tsugune da tsumman a hannu, har ruwan ya daina ɗiga.

Akwai inda kwano ke yoyo a ɗakin, kuma hadari na haɗuwa. Na mayar da fallen na rufe zanen kada ruwa ya taɓa shi. Ruwan bokitin na watsa a ƙofar shago.

Litinin, ƙarfe 7:15 na safe

Na faɗa wa Maman Yara bayan Asuba, tun daga shayin har murjewar. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta haɗa mini kaya kala biyu da maganin bayana a leda. Matar Auta tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Yau ba ta durƙusa ba. Ta dube ni ido cikin ido, sannan ta kauce ta ba ni hanya.

Motar yarinyar tana nan a tsakar gida, ruwan jiya ya cinye tayoyin. Na tsallake.

Makullan shago na ba babban ma'aikacina. Na ce ƙofar mai kantin magani saura fenti, kada a kai ta sai ta bushe. Takardar Lauya na mayar masa da ita yadda ya ba ni, ban sa hannu ba. Mai Gilas da Dogo za su ji, kuma ba za su yafe ba. Su ma suna da iyali, na sani. Mai wankin ma yana da nasa.

Na kira Sufeto. Ya ce wa ke magana? Na buɗe baki zan ce Injiniya, sai na ce yayan mai waldan da ke hannunku. Na ce akwai abin da zan nuna masa a ɗakin ciki, da wani littafi da zai karanta daga baya zuwa gaba.

Na ce ya taho da mutum biyu. Fallen yana da nauyi, ni kuma bayana ya ƙare.